Sharhi: Idan Sankarar Ƙwan Mace Ta Dawo

Cikin duk kalmomin da iyali kan ji daga bakin likita, kaɗan ne suka kai “ciwon ya dawo” nauyi. Mace ce aka yi wa tiyata aka cire mata ƙwai da mahaifa, ta jure ƙarin ruwan kemo har zagaye shida, gashinta ya zube ya sake tsirowa, dangi suka yi ta sintirin barka da arziki, ta koma sana'arta. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai cikin ya soma kumbura kamar farko, loma uku ta ƙosar da ita, zani ya daina zama a ƙugu. A gidaje da dama na ƙasar Yawuri, tun daga Yelwa har Ngaski da Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji, abin da kan biyo baya ɗayan biyu ne. Ko dai a yanke cewa asibiti ya gaza, a naɗe takardu a cusa ƙarƙashin katifa, a koma wurin mai tofi da mai sassaƙe. Ko kuwa a sayar da gona da kwale-kwale da shanun noma, a bi duk wanda ya yi alkawarin waraka. Hanyoyin nan biyu tushensu ɗaya, wato rashin sanin abin da magani zai iya yi a wannan mataki da abin da ba zai iya ba.

Ra'ayin wannan shafi shi ne, sankarar ƙwan mace da ta dawo cuta ce da ake yi wa magani, ko da yake a mafi yawan lokuta ba a raba mace da ita kwata-kwata. Nauyin da ke kan iyali a karo na biyu kuwa ya fi na farko wuyar ɗauka, domin yana buƙatar a gaya wa mai ciwon gaskiya, a yi lissafi da sanyin kai, sa'an nan a bar mata ta cewa a kan jikinta.

Ya kamata a fara da cire zargi. Ƙwan mace yana can cikin ƙurya ne a mara, kuma alamun ciwonsa suna kama da na cututtukan yau da kullum: kumburin ciki, saurin ƙoshi, nauyin mara, yawan fitsari. Shi ya sa mafi yawan mata, har a ƙasashen da suka fi mu asibitoci, ba a gane ciwon sai ya bazu cikin ciki ya kai mataki na uku ko na huɗu. Cikin waɗanda aka samu a wannan mataki, kimanin bakwai cikin goma ciwon yakan dawo musu, galibi cikin shekaru uku na farko, ko da an yi tiyata mai kyau an kuma kammala kemo. Dalili shi ne, akwai ƙananan ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani, hoto ba ya kamawa, waɗanda sukan tsira daga maganin farko su kwanta shiru, daga baya su farfaɗo. Haka abin yake a Landan, haka yake a Alƙahira, haka yake a Sakkwato. Ƙiyasin hukumar binciken sankara da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna mata kimanin 324,000 ne aka samu da wannan cuta a duniya, kimanin 207,000 kuma suka rasu ta dalilinta. Saboda haka dawowar ciwo ba shaida ce ta sakacin likitan farko ba, balle a ɗora ta a kan kishiya ko maƙwabciya. Mun ga gidajen da ciwon mace ɗaya ya raba zumuncin shekara talatin saboda wani ya buɗe baki ya ce sammu ne. Zato irin wannan zunubi ne da aka ƙara a kan musiba.

Kafin ma a ce ya dawo, sai an tabbatar. Ga mutanen bakin ruwa wannan yana da muhimmanci na musamman, domin a gaɓar Kainji tsargiya tsohuwar baƙuwa ce, kuma nau'inta mai taɓa hanta yana tara ruwa a ciki. Ciwon hanta na ƙwayar cuta yana yin haka, tarin fuka da ya sauka cikin ciki ma yana yi. Gwajin jinin da ake kira CA-125, wanda likitoci ke bibiyar wannan sankara da shi, yakan hau a waɗannan cututtuka ma. Don haka sai an haɗa gwajin jini da duba jiki da hoton ciki, wani lokaci har da ɗibar ruwan cikin a duba shi a ɗakin gwaji.

Akwai kuma wani abu game da gwajin nan da zai rage wa iyalai fargaba. A shekarar 2010 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai. An raba matan da CA-125 ɗinsu ya hau gida biyu: wasu aka fara musu kemo nan take, wasu aka dakata har sai alamun ciwo sun bayyana a jiki. Na farkon sun riga sauran fara magani da kusan wata biyar, amma ba su fi su tsawon rai ba, sai dai sun riga su shiga wahalar kemo. Darasin shi ne, lambar da ke kan takarda ita kaɗai ba ta isa a tashi hankalin gida ba. Idan likita ya ce a ɗan jira a sa ido alhali matar tana ci tana sha tana harkokinta, ba sakaci yake yi ba.

To, idan an tabbatar, tambayar farko da ƙwararren likita zai yi ita ce: yaushe aka yi mata ƙarin ruwan kemo na ƙarshe? A kan amsar nan kusan duk shawarar magani take ratayuwa. Ginshiƙin kemon wannan cuta magani ne da ake haɗawa daga ƙarfen filatinam, wanda aka fi sani da kabofilatin. Idan ciwon ya yi fiye da wata shida bai dawo ba bayan ƙarin ruwa na ƙarshe, ana ɗauka cewa har yanzu yana jin wannan magani, sai a sake ba da shi tare da wani abokin haɗi, galibi zagaye shida, kowane bayan mako uku ko huɗu. Gwargwadon nisan tazarar, gwargwadon kyakkyawan zaton da ake yi cewa ƙarin zai sake lafawa. Wadda ta shekara biyu lafiya ta fi wadda ta yi wata bakwai samun fa'ida. Akwai matan da suka bi wannan zagaye sau biyu, sau uku, suna samun hutu na watanni ko shekaru a tsakani, suka aurar da 'ya'ya, suka ga jikoki, wasu har suka sauke farali. Abin da aka saba gani dai shi ne kowane hutu yakan fi na bayansa tsawo, kuma gara iyali su san haka tun da wuri.

Idan kuwa ciwon ya dawo kafin wata shida, ko ma bai taɓa lafawa ba, to ya fara ƙin jin filatinam. A nan likitoci sukan koma ga magani ɗaya tilo, misali faklitaksel da ake yi mako-mako, kuma a gaskiya mata kaɗan ne ƙarinsu ke raguwa sosai da shi. Manufar magani a wannan hali ita ce rage kumburi da raɗaɗi da ɗan jinkirta ciwon. Wannan shi ne wurin da ya kamata a zauna a yi magana ta tsakani da Allah kafin a sayar da komai.

Duk wannan lissafi ba ya yiwuwa in babu takardu. Iyalai da yawa sukan isa Sakkwato ko Shika ba su da komai sai katin asibiti da ya sha jiƙa, ba wanda ya tuna watan da aka gama kemo, ba wanda ya san sunan maganin. Takardu uku ne suka fi kuɗin mota daraja: sakamakon gwajin tsokar da aka cire, bayanin abin da likitan tiyata ya gani da abin da ya bari, da kwanakin kemo. Ɗaliban da ke karanta wannan shafi, ga aikin da ya dace da ku: ku ɗauki hoton takardun nan a waya, ku rubuta kwanakin a littafi, ku zama ku ne masu riƙe wa iyayenku tarihin jinyarsu. Takardar gwajin tsoka tana iya sauya labarin gaba ɗaya, domin sankarar ƙwan mace ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta fi yawa ga matan da suka manyanta ita ce muke magana a kanta. Amma akwai wata da kan kama 'yan mata da matasan mata, mai tasowa daga ƙwayoyin haihuwar kansu, wadda take jin kemo ƙwarai, ana kuma warkewa daga gare ta sarai, wani lokaci har bayan ta dawo. Akwai kuma mai tafiyar hawainiya, wadda ƙwayoyin haɗiya masu rage sinadarin mace, masu sauƙin kuɗi, kan iya riƙe ta tsawon lokaci. Wanda bai san wace iri ce ba, yana iya ɗebe tsammani a inda akwai waraka.

Sai kuma wata gaskiya mai ɗaci. Wani abin da ake kira dawowar ciwo a wurinmu, a haƙiƙa maganin farko ne ba a ƙarasa ba. An yi zagaye biyu ko uku, cikin ya saɓe, kuɗi suka ƙare, aka ce ta warke. Kada a ɓoye wa likita wannan don kunya; ba a ɓoye cibiya ga mai yi maka wanka. Wadda ba ta kammala kemo ba hukuncinta daban da wadda ta kammala ciwon ya ƙi ji, kuma sau da yawa nata ya fi sauƙi.

Batun sake tiyata yana buƙatar taka tsantsan, domin mutanenmu sun fi yarda da abin da aka yanke aka nuna musu. Wani bincike da likitocin Jamus suka jagoranta, wanda aka buga a 2021, ya samu cewa matan da aka sake yi wa tiyata kafin kemo sun rayu, a tsaka-tsaki, wata 53.7, waɗanda aka yi wa kemo kaɗai kuwa wata 46. Amma ba kowace mace aka shigar ba: sai wadda ciwonta ya wuce wata shida kafin ya dawo, take da ƙarfin jiki, aka kwashe ƙarin duka a tiyatar farko, kuma ruwan cikinta bai wuce rabin lita ba. Fa'idar ma ta tsaya ne ga waɗanda aka iya kwashe ƙarin kaf a karo na biyu. Wani binciken da aka yi a Amurka da Koriya ta Kudu, aka buga a 2019, bai ga ƙarin tsawon rai daga tiyatar ba. Ma'ana, aiki ne na ƙwararrun likitocin sankarar mata a babban asibiti, ga mata ƙalilan da aka tantance. Duk wanda ya ce zai buɗe cikin da ya cika da ruwa a wani ɗan ƙaramin asibitin kuɗi ya “wanke” shi, a yi hattara da shi. Gashin sankara ma, wanda ke da babban amfani a ciwon bakin mahaifa, rawarsa kaɗan ce a nan.

Za a ji labarin sababbin magunguna a intanet. Gaskiya ne akwai su. Tun ƙarshen 2014 aka amince da ƙwayar olafarib a Turai da Amurka, wadda ake sha bayan kemo don tsawaita hutu, kuma ta fi aiki ga matan da ke ɗauke da wani sauyi na gado da ake kira BRCA. A 2022 Amurka ta amince da wani sabon magani ga wasu daga cikin waɗanda ciwonsu ya ƙi jin filatinam. Sai dai kuɗin wata ɗaya na irin waɗannan ya fi abin da manomin albasa ko masunci ke samu a shekara, kuma su ma jinkirta ciwon suke yi. Gidan da bai iya sayen su ba kada ya ɗauka ya ci amanar uwarsa.

Yanzu ga abin da ya fi shafar wannan shafi. Neman magani yana cikin riƙo da sababi, kuma malamai ba su taɓa ganin saɓani tsakaninsa da tawakkali ba. A wannan ƙasa tamu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da ke kansa, sai da ya yi rubuce-rubuce a kan likitanci. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana sauyawa da halin mai ciwo: yakan zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka, yakan zama mustahabbi ko halal kawai, har yakan zama makaruhi idan illarsa za ta fi cutar da ake son kawarwa. Wannan rabe-rabe ya dace da sankarar da ta dawo kamar don ita aka yi shi. Yarinyar da ciwonta na warkewa ne, hana ta kemo zalunci ne. Dattijuwar da aka gwada mata magani biyu, uku, jiki ya yi rauni, likitoci suka ce wani zagayen ba zai ƙara mata komai ba sai amai da kwanciyar asibiti, idan ta ce a bar ta haka ba ta yi laifi ba, ba ta kuma yanke ƙauna daga rahamar Ubangijinta ba.

Wannan matsaya ta majalisar ta kuma sharɗanta izinin mai ciwo matuƙar baligi ne mai hankali. A nan ne al'adarmu take da gyara. Sau nawa ake janye miji ko babban ɗa gefe a gaya masa sakamako, a dawo a ce wa matar “ƙaiƙayi ne” ko “ruwa ne kawai”? Da kyakkyawar niyya ake yi, mun sani, don kada hankalinta ya tashi. Amma mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo. Matar da ta taɓa shan kemo ta san ma'anar kumburin nan tun kafin likita ya buɗe baki, kuma ɓoye mata ba ya haifar da komai sai kaɗaici: tana yi musu kara, suna yi mata kara, kowa yana kuka a ɓoye. Ban da haka, tana da haƙƙoƙin da ba mai sauke mata: bashin da ake bin ta da wanda take bi, adashin da ke hannunta, wasiyya, ramuwar azumi, wanda take son ta nemi gafararsa, 'yar da take son ta ga an ɗaura wa aure. Faɗin gaskiya ba ya nufin a sa mata ranar mutuwa. Wannan ilimi na Allah ne, likita ƙiyasi kawai yake yi. Ana faɗa da taushi, gwargwadon abin da ta nemi ji, a gaban wanda ta aminta da shi.

Sai maganar wa zai biya. Ɗaliban fiƙihu sun san cewa mashhurin mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halilu, bai sa kuɗin magani cikin nafaƙar da ta wajaba a kan miji ba, kuma akwai mazan da ba su san komai a littafin ba sai wannan mas'ala. Ya kamata su san sauran. A cikin mazhabar kanta an ruwaito daga Ibnu Abdil-Hakam cewa ladan likita da magani suna kan miji. Malaman wannan zamani da dama, irin su marigayi Shaihu Wahbatuz-Zuhaili na Sham, sun rinjayar da cewa magani a yau buƙata ce ta asali kamar ci da tufafi, kuma maganar magabata ta ginu ne a kan al'adar zamaninsu. Mu ma nan muka karkata. Zaman aure da kyautatawa ba ya haɗuwa da a ci moriyar mace shekara ashirin da biyar sa'an nan a ce kuɗin kemonta na gidan ubanta ne. Al'adar mayar da mace gida jinya ba aibu ba ce a kanta, domin sau da yawa uwa da 'yan uwa mata sun fi iya ɗawainiya. Tana zama aibu ne idan ta koma dabarar sauke kaya. Kuma tun da ana yawan tambaya: sankara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, babu dalilin ware mata kwano ko shimfiɗa.

Addu'a da ruƙiyya da sadaka abokan tafiyar jinya ne tun daga ranar farko. Wanda muke gargaɗi a kansa shi ne ɗan kasuwar da ya sa rawani, mai jarkar ruwan sassaƙe, wanda sharaɗinsa na farko shi ne a daina zuwa asibiti. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu tsagewar da ta kai ranar da aka ce ciwo ya dawo. Haɗarin ba na aljihu kaɗai ba ne. Ana auna yawan kabofilatin da za a ba mace ne da ƙarfin ƙodarta, saboda haka jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, idan ya taɓa ƙoda ko hanta, yana iya rufe ƙofar maganin da ya rage mata. Duk abin da take sha, a gaya wa likita.

Game da ibada, sauƙin da shari'a ta yi a fili yake. Mai shan kemo tana buƙatar ruwa da yawa don kare ƙoda, don haka ta ajiye azumi ta rama in ta sami sauƙi. Wadda ba a sa ran za ta iya ramawa ba, ciyar da mudu ɗaya a madadin kowace rana mustahabbi ne a wurin Malikiyya, in babu hali ba komai a kanta. Ta yi salla a zaune ko a kwance, ta yi taimama in ruwa zai cutar da ita. Idan ba a sami likita mace ba, ya halatta namiji ya duba ta gwargwadon larura, tare da miji ko muharrami ko wata amintacciyar mace.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne raɗaɗi. Tun bayan da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, da abin da kowa ya gani na ɓarnar tiramadol a tsakanin matasa, iyalai da yawa sun tsorata da duk wani magani mai ƙarfi, har wasu suna ganin mofin haramun ne. Malaman Malikiyya, tun zamanin Imamul-Ƙarafi, sun bambanta abin maye da abin da ke gusar da jin zafi, sun kuma halatta na biyun don magani. Ruwan mofin da likita ya rubuta, ake sha bisa awo da lokaci, yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata kowace ƙasa ta tanada, kuma ba shi da tsada. Matar da aka kwantar wa da zafi tana iya barci, tana iya salla da hankalinta, tana iya hira da 'ya'yanta. Haka nan zuƙe ruwan ciki da allura, aiki ne na ɗan lokaci da ke buɗe wa mace numfashi. Akwai kuma alamu biyu da ba a kwana da su a gida: amai mai yawa tare da tsayawar bayan gida da iska, domin hanji ne ya toshe, da zazzaɓin da ya kai awo 38 cikin makonnin da ke bin kemo. Kada a ce maleriya ce a tsaya a kemis. A lokacin garkuwar jikinta ta faɗi, ƙwayar cuta kuma tana iya cin ƙarfinta cikin sa'o'i.

Wannan ya kawo mu ga hukuma. Matar da ke wani gungu a cikin tafki ko a ƙauyen Ngaski sai ta shiga jirgin ruwa ko ta hau babur zuwa titi, ta kama hanyar Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, ko ta zarce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ta bi ta Kontagora zuwa Zariya ko Abuja, kowane mako uku, da mai rakiya, da kuɗin gwaji, da wurin kwana. Mutanen Wara ba su manta da haɗarin jirgin ruwa na watan Mayun 2021 ba, kuma kowa ya san halin tsaron hanyoyin yankin. Sau da yawa tafiyar ce ke karya gida kafin maganin. Asusun tallafa wa masu cutar daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da asibitoci shida da nau'in sankara uku, ta mama da ta bakin mahaifa da ta furostet ta maza. Ta ƙwan mace ba ta cikin jerin farko. Muna kira ga cibiyar NICRAT, mai kula da binciken sankara da maganinta a ƙasa, ta tabbatar matan nan suna da gurbi na dindindin a asusun, hukumar KECHEMA ta jihar Kebbi kuma ta duba yadda inshorarta za ta ɗauki ko da gwaje-gwajen jini da maganin raɗaɗi.

Jihar Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, ta shafe shekaru tana wayar da kai a jihar, a 2024 kuma aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar UICC mai yaƙi da sankara a duniya. Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya taɓa shugabantar jami'ar da asibitinta ke karɓar majinyatan yankin. Da irin waɗannan mutane, abin da muke nema bai fi ƙarfi ba: a horar da likita ɗaya da ma'aikatan jinya biyu ko uku a Babban Asibitin Yelwa kan kula da masu sankara, a tanadi ruwan mofin a can, a riƙa yin gwajin jinin da ake buƙata kafin kemo a aika sakamakon ta waya, don kada mace ta yi tafiyar yini guda a ce mata jininta bai kai ba ta koma sai wani mako. Masu fitar da zakka a kasuwar Yelwa, 'yan albasa da 'yan kifi da 'yan shinkafa, su tuna cewa gidan da jinya ta talauta ya shiga sahun mabuƙata, wanda ya ci bashi don magani kuma ya shiga sahun masu bashi. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar Sakkwato ta daɗe tana biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani. Masallatan Juma'ar masarautar za su iya koyi da ita, ko da da asusun kuɗin mota ne kawai za a fara.

Saura 'ya'ya mata da ƙannen mai ciwon, waɗanda sukan tambaya a ɓoye ko su ma suna kan hanya. Mafi yawan masu wannan cuta ba gadonta suka yi ba. Amma idan a dangi ɗaya an sami fiye da mace ɗaya da sankarar ƙwai ko ta mama, musamman tun da ƙuruciya, to akwai yiwuwar sauyin BRCA, wanda ake gada ta wajen uba kamar yadda ake gada ta wajen uwa. Gwajin bakin mahaifa ba ya gano wannan ciwo, allurar riga-kafin HPV da aka fara yi wa 'yan mata a Najeriya a 2023 ma ta sankarar bakin mahaifa ce, kuma har yau babu wani gwajin tantancewa da aka tabbatar yana rage mace-mace daga ta ƙwan mace. Mace daga irin wannan dangi ta gaya wa likitan mata tarihin gidansu ba tare da ragi ba, ta tambaye shi game da gwajin gado da kuma cire ƙwai bayan ta gama haihuwa, kuma idan kumburin ciki ko saurin ƙoshi ya kai mako biyu zuwa uku bai tafi ba, ta je a ɗauki hoton mararta.